Yatsan Kobad Kafinta

Kobad Ali bai taɓa riƙe abin awo ba. A ƙauyukan da ke tsibiran kogin Jamuna, inda ruwa ke cinye gona bana ya amayar da ita wani wuri baɗi, kowa ya san shi da aiki ɗaya: ɗakin dabbobi wanda aka ɗaga daga ƙasa. Yakan kafa ginshiƙai, ya jera itace a kai, ya bar rata tsakanin kowane itace da na kusa da shi, don kashi da fitsari su zube ƙasa, kofato ya bushe, ambaliya kuma ta bi ta ƙarƙashi ta wuce. Ratar nan ita ce sana'ar gaba ɗaya. In ta yi ƙunci kashi ya toshe ta, in ta yi faɗi ƙafa ta zurma. Kobad da yatsunsa yake aunawa, yadda ubansa ya koya masa: ƙaramin yatsa ga tumaki da awaki, babban yatsa ga shanu.

Ba shi da fara'a, ba shi da kyau, amma aikinsa ba ya kunyata shi, kuma ya san da haka fiye da kima. Ya auri Foyjun tun gemunsa bai fito ba. Kogi ya tashe su daga gida sau da yawa, kowane karo ya ɗora ginshiƙai a kwalekwale ya je ya sake kafawa. 'Ya'yansa maza sun tafi birnin Dhaka tuƙin keken haya, babu wanda ya ɗauki gizago. Da Foyjun ta rasu sai ya zauna shi kaɗai, yana dafa shinkafa da busasshen kifi, yana ƙorafin sanyin ƙashi duk damina.

Mutum ɗaya ce ke iya faɗa masa magana son ranta, wato Joygun, ƙanwar marigayiyar matarsa. Tun tana yarinya take zuba masa gishiri a shayi, yana kiranta kaza mai surutu. Ita ma mijinta ya rasu, kogi ya ci rabin tudun da gidanta yake, abin da ya rage mata saniya ɗaya ce da 'yan tumaki. Wata safiya ta same shi yana wasa zarto.

"Mijin Yaya, ashe kana nan da rai? Na zo da aiki."

"In na akwatin aure ne, kin tsufa."

"Wa zai aure ni, tunda kai ka tsorata ni da maza? Ɗaki nake so. Ɗaya tak, saniya da tumaki su shiga tare. Wurin ba zai ɗauki biyu ba."

Kobad ya ajiye zarton. Ya ce mata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gora tana isar tumaki, amma saniya in ta taka sai ta fasa ta. Kankaren nan mai tsaga da ake sayarwa a kasuwar gari don shanu aka yi shi, ratarsa za ta haɗiye ɗan rago har kafaɗa. Abin da zai ɗauki nauyin saniya, ya kuma yarda a matse shi don tunkiya, azara ce ta giginya.

"Rata fa?" in ji Joygun. "Kashin saniya ba irin na tunkiya ba ne."

"Ba ƙarami ba, ba babba ba. Na tsakaninsu." Ya ɗaga yatsansa manuni. "Abin da ya maƙale na saniyar sai ki tura shi da tsintsiya. Ko ita ma kin tsufa da ita?"

Joygun tana da giginya ɗaya a bayan gida, wadda surukinta ya shuka. Ita aka sare. Kobad ya tsaga ta, ya fere, ya bari ta sha rana, ya jera, yana sa yatsa yana buga ƙusa. Ɗakin ya yi kyau, mutane har tsayawa suke su duba. Ta yanka masa agwagwa, ya ci ya ce gishiri ya yi yawa.

Ruwa ya taso, dabbobin suka hau. Ba a daɗe ba, wata safiya saniya ta juya, tumaki suka firgita suka yi gefe guda, ƙafar babbar tunkiyar ta zurma cikin rata. Ta yi ta fizga har ƙashin ya karye ya huda fata. Dole aka yanka ta. Da aka buɗe cikin, 'ya'ya biyu ne, saura kaɗan ta haihu.

Joygun ta same shi a rumfar mai shayi, cikin maza. Ba a saba ganin mace a wurin ba.

"Mijin Yaya, ratar nan ta yi faɗi."

Da a gida ta same shi, wataƙila da ya tashi ya je ya duba. Amma akwai mutanen da ya yi wa ɗakuna zaune a kan bencin, suna kallon bakinsa.

"Rata ta yi faɗi? Tun ba ki iya ɗaura zane ba nake wannan aiki. Tumakinki ne kika bar su da yunwa har ƙafafunsu suka zama tsinke. Ko ramin allura na bari sai sun zurma. Ki je ki koyi kiwo, ki bar mini katako."

Wasu suka yi dariya. Ya jira ta rama, don ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta ja gefen zanenta ta rufe kai.

"To, Kafinta," in ji ta, ta juya.

Bayan ruwa ya janye, wani tsoho mai suna Harej, wanda gidansa ke kan gaɓar da kogi bai taɓa ci ba, ya aiko a sauya masa ginshiƙi ɗaya. Ɗakin tumakinsa yana cikin ayyukan Kobad na farko. Kobad ya gama ginshiƙin, ya zauna a bakin shimfiɗar yana hutawa, ya kai ƙaramin yatsansa cikin rata, ba don komai ba, sabo ne kawai. Yatsan ya ƙi shiga. Ya matsa ya gwada wata, ya gwada ta gaba. Kan farce kaɗai ke leƙawa, gaɓar farko ta tokare.

Ya ɗaga hannuwansa ya dube su kamar na wani. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi ƙulli-ƙulli kamar citta. Ya san suna ciwo, ya sha shafa musu man ƙwayar mastad mai zafi da tafarnuwa. Amma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin awonsa ne ke ƙara kauri shekara bayan shekara ba. Ƙaramin yatsansa na yau ya kai manuninsa na da. Manunin kuwa, wanda ya auna wa Joygun da shi, ya wuce ratar da yake bar wa shanu.

Sai ya tuna sauran ɗakunan da ya yi a 'yan shekarun nan. Ɗan akuyar da ya gurgunce a gidan liman. Ragon da aka yanka kafin salla a gidan masu jirgin fito. A wani gida ya ce gora ce ta janye, a wani ya ce yara ne ke korar dabbobin da gudu. Harej ya kawo masa shayi, ya bar shi har ya huce.

Ya ɗauki lokaci kafin ya je. Da ya je, ya tarar Joygun tana manna kashin saniya a karan rama don ya bushe ta hura wutar girki da shi. Saniyar kaɗai ke cikin ɗakin. Tumakin suna ɗaure a ƙasa cikin taɓo, biyu suna ɗingishi da ruɓewar kofato.

"Na zo duba ƙusoshi," in ji shi.

"Ƙusoshi lafiyarsu lau."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ba ta ba shi tabarma ba, ba ta daina aikinta ba. A ƙarshe ya miƙa mata hannuwansa biyu, ya buɗe yatsun. Ta dube su, ta dubi ɗakin, ta sake duban su.

"Da baki za ka faɗa," in ji ta. "Da baki ka faɗi waccan."

"Ratar ta yi faɗi."

"A nan kake iya faɗa. A rumfar shayi fa?"



Gyaran bai yi kyau ba. Busasshiyar azara ba ta son a cire mata ƙusa, da yawa suka tsage. Waɗanda suka tsira da aka matso da su, sai shimfiɗar ta gaza kaiwa bango, kuma babu wata giginya. Ya cike ragowar da gora, ya gitta sanda don kada saniya ta taka wurin, ɗakin da ma ƙarami ya ƙara ƙanƙancewa. Joygun ce ta durƙusa tana sa yatsanta a kowace rata yana buga ƙusa. Da rana ta zuba masa shinkafa da miyar wake, ta ajiye a gabansa kamar yadda ake ajiye wa ɗan ƙodago. Gishirin daidai yake.

Bai koma rumfar shayi ya janye maganarsa ba. Bai je gidan liman ba, bai je gidan masu jirgin fito ba. Ya yi niyya, ya ma tsaga siraran gora da zai liƙa a ratar ɗakunansu don ta matse, suna nan jingine a bayan ɗakinsa har gara ta fara ci. Duk wanda ya zo da sabon aiki sai ya ce bayansa ke ciwo, a nemi wani. Mutane suna cewa Kobad ya ajiye sana'a da mutuncinsa, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, yana jin su, bai taɓa gyara musu zancen ba. Yanzu gyaran kujera da ƙofa yake yi. In lokacin haihuwar tumaki ya zo, ba ya bin hanyar cikin gari zuwa masallaci, wadda ke ratsawa ta gaban ɗakunan da ya yi. Ta bakin kogi yake zagayawa, da sandarsa, ko da an tayar da salla.