Muryar da Ke Riga Ozella Shiga Ɗaki

Ozella Tubbs tana da ƙarar murya, kuma ba ta taɓa ko yunƙurin rage ta ba. In ta tsaya a baranda ta gaida maƙwabciyarta, har mutanen layin baya sai sun amsa. A coci an cire ta daga cikin mawaƙa cikin ladabi, aka ba ta aikin nuna wa mutane wurin zama, ana zaton an huta. Sai ya zama duk wanda ya makara, jama'a gaba ɗaya sun san sunansa da kujerar da ya samu.

Mahaifiyarta daga jihar Alabama ta taso ta zo birnin Toledo a Amurka, ta ƙare ƙarfinta wajen goge daɓen gidajen fararen fata. A ganinta, baƙar fata mai son ya ga tsufa dole ya iya magana ƙasa-ƙasa. Ta yi faɗa, ta yi duka, ta yi addu'a. Ƙaramar 'yarta Marvelene ta ɗauki darasin har ya yi yawa, sai ka sunkuya kafin ka ji abin da take cewa. Ozella kuwa ko a jikinta. Da kuɗin goge-gogen nan uwar ta sayi gida mai bene, ta rasu ta bar shi da sunan Ozella, don ita ce babba. Ozella na zaune a ƙasa, Marvelene a sama.

Ozella ta tuƙa motar 'yan makaranta har ta yi ritaya, kuma shi kaɗai ne wurin da aka taɓa gode wa muryarta. Mijinta Cleotis yakan ce bai taɓa mayar mata da magana ba, don bai taɓa samun kafar shiga ba. In ta je banki ta tambayi inda layi ya tsaya, sai a ce, "Ki kwantar da hankalinki, madam," alhali hankalinta a kwance yake. A manyan kantuna mai gadi yakan bi bayanta, har ta saba miƙa masa kwandon sayayya ya riƙe, tunda dai hanyarsu ɗaya.

Bayan rasuwar Cleotis matan coci suka shirya yawon buɗe ido zuwa Turai. Ozella ta bi su, ta ja Marvelene. Can ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ita dai tun tana tura ƙofar shago take fara gaisuwa, kafin mai shago ya ɗaga kai Turancin Amurka ya riga ya cika ɗakin. In ya ɗago, murmushi take tararwa. A wani gari na bakin teku a Fotugal, mai gidan burodi ya sumbaci hannunta ya kira ta sarauniyar Amurka. Ta haura shekara sittin a ƙasar da aka haife ta, ba wanda ya taɓa kiran ta Ba'amurkiya haka kawai, ba tare da an liƙa wata kalma a gefe ba.

Ta dawo da wa'azi. Ta sake komawa, ta sake komawa, kowace dawowa wa'azin na ƙara tsawo. Mimbarinta shagon gyaran gashi na Lurline, inda mata ke zaune ƙarƙashin injin busar da kai, ba su da hanyar gudu.

"Mutanen can ba sa ganin launi," in ji ta. "Mutum suke gani."

Wata 'yar ƙanwar Lurline, mai suna Tanesha, ta ce, "Mis Ozella, ni fa na je. Tasi nawa suka wuce ni a tsaye ina ɗaga hannu. A filin jirgi kuma kowa ya wuce, ni aka zaunar ana juya fasfona kamar ana soya ƙwai."

"Yaya kika tsaya?"

"Kamar yadda mutane ke tsayuwa."

"Ina, na san tsayuwarki. Kafaɗa a shanye, ido a ƙasa, kamar kin zo biyan bashin da ba ki ci ba. Ko ni ce direba zan wuce ki."

Wata ta ce ita a China an yi ta taɓa mata kitso ana ɗaukar hotonta ba a tambaye ta ba. Ozella ta ce ai wannan yabo ne, ta gode wa Allah an samu masu kallon kitson nan, mu nan mun gaji da shi. Aka yi dariya, aka bar ta. Marvelene na zaune a kusurwa, bakinta ya motsa, amma injin busar da kai ma ya fi ta ƙara.

Daga nan Ozella ta yanke shawarar sayar da gidan, ta koma garin nan na bakin teku ta ƙarasa kwanakinta inda ake sumbatar hannu. Mai saye ya samu, wani saurayi farin fata mai sayen tsofaffin gidajen unguwar yana shafa musu fenti ruwan toka. Sa hannu kawai ya rage. Marvelene kuwa sai ta koma wurin ɗanta a Columbus, inda matarsa ta riga ta share mata ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki.

"Yaya, gidan Mama ne fa," in ji Marvelene.

"Mama ta sayi gidan nan ne don kada a wulaƙanta mu. Na samu inda ba a wulaƙanci gaba ɗaya. Ki zo mu je ki ga ɗakin da idonki, in mun dawo in sa hannu."

Ɗakin na wata dattijuwa ne, Dona Filomena, wadda ta iya Turanci daidai gwargwado. Ba su taɓa haɗuwa ba, dillali ne ya haɗa su ta waya. Sun yi hira sau da dama, wato Ozella ta yi hira, Dona Filomena na cewa tana ɗokin ganin baiwar Allah daga Amurka. Aka shirya mai goge-goge za ta zo da safe ta gyara ɗakin, Ozella ta zo da yamma ta duba.

A cikin jirgi sanyi ya yi yawa, ga shi Ozella ta samu wani bawan Allah a kujerar kusa wanda bai san tarihin Toledo ba. Ta koya masa shi tun daga tashi har sauka. Washegari ta buɗe baki za ta ta da Marvelene, sai iska ta fito. Ta sake gwadawa, ta ji wani sauti kamar ana jan kujera a ɗaki na nesa. Marvelene ta kalle ta, ta ɗaga ido sama, fuskarta ta yi kama da ta wadda aka amsa wa tsohuwar addu'a.

Ƙafafun Marvelene sun kumbura saboda zaman jirgi, ta ce ba inda za ta. Ozella ba ta iya jira ba tun tana yarinya. Ta sa rigar sanyi, ta ɗaura ɗankwali ta rufe kunnuwa, ta naɗe wuya, ta fita da hantsi ita kaɗai.

Ta fara biyawa gidan burodin. Ta tura ƙofa, ƙararrawa ta yi ƙara, ita ba ta yi ba. Mai gidan ya ɗago ya kalle ta daga ɗankwali zuwa takalmi, ya mayar da kai. Ya sallami wani tsoho, ya sallami mata biyu da suka shigo bayanta. Da ya zo kanta sai ya ɗaga haɓa, ba gaisuwa. Ta nuna burodin da yatsa. Ya nuna mata farashin a jikin gilashi, ya jira ta fito da kuɗi tukuna sannan ya sa hannu ya ɗauko. Ozella ta ce a ranta mutumin ba shi da lafiya yau, ko sun yi faɗa da matarsa.

Ta hau tudu zuwa gidan Dona Filomena, ta danna ƙararrawa. Wata gajeriyar mata mai farin gashi ta buɗe. Ozella ta yi murmushi ta miƙa hannu. Matar ba ta kalli hannun ba. Ta duba agogo, ta yi wasu maganganu da yarensu cikin faɗa, ta juya, ta dawo da bokiti da tsumman goge daɓe ta rataya a hannun da aka miƙa mata. Ta nuna takalmin Ozella, ta nuna tabarmar bakin ƙofa.

Ozella ta buɗe baki, kujerar nan ta ɗaki na nesa ta sake motsawa. Matar ta riga ta yi gaba.

Abin da ya ba Ozella haushi daga baya shi ne yadda hannunta ya san nauyin bokitin. Tana yarinya, ranar Asabar takan bi mahaifiyarta gidajen da take aiki, ita ke riƙe bokiti. Ta cire takalmi, ta bi matar sama. Haka ta ga ɗakin da za ta ƙarasa rayuwarta, da safa a ƙafa da bokiti a hannu. Ɗakin kam ba laifi. Ga haske, ga baranda, ga teku shimfiɗe kamar yadda aka faɗa a waya. Dona Filomena na gaba tana nuna ƙura a kan taga. Da suka wuce wani tebur, ta ɗauke 'yar jakarta ta kuɗi daga kai ta soke a hammata.

Nan Ozella ta ajiye bokitin. Ta zura hannu cikin riga ta ciro fasfo daga jakar da ke rataye a wuyanta, ta buɗe, ta riƙe shi dab da hancin matar.

Ta tsaya ta kalli fuskar tana canzawa, kuma wannan ne karo na farko da ta ga yadda abin ke faruwa tun daga farkonsa. Goshin ya saki, bakin ya buɗe, idanun suka cika da murna. Murmushin da ta sani ne, wanda take kai labarinsa shagon Lurline. Ashe murmushin yana da yayan da ke riga shi fitowa, ita dai ba ta taɓa isowa da wuri ta same shi ba.

"Madam Tubbs, ki gafarce ni," in ji Dona Filomena da Turanci. "Me ya sa ba ki yi magana ba? Na ɗauka cikin waɗancan ce. Kin gane ai, kamanni ne. Ke daban ce."

Aka zaunar da ita a baranda, aka kawo kofi da 'yan kek masu ƙwai a tsakiya. Suna nan sai ƙararrawa ta yi ƙara. Mai goge-gogen ce ta gaske, dattijuwa baƙa, tsarar Ozella, da ɗankwali irin nata. Dona Filomena ta juya gare ta da fuskar farko, ta juyo ga Ozella da ta biyu, ba ko wahala, kamar mai kunna fitila tana kashewa. Matar ta cire takalmi ta ajiye kusa da na Ozella, ta ɗauki bokitin. Ta kalli safar Ozella, ta kalli kofin da ke hannunta, ta wuce ciki.

Ozella ta cinye kek ɗin, har ta ƙara, don shi bai yi mata komai ba. Sannan ta sa takalminta ta sauko.

A masauki ta ba Marvelene labari da raɗa da nuni. Marvelene ta saurara, ƙafafunta a kan matashi.

"Yaya, fuskar nan ni ita na sani," in ji ta. "In ina bayanki ana yi min murmushi. In na tashi ni kaɗai zuwa ban ɗaki a gidan abinci, sai an tare ni an tambayi teburin da nake. A tafiyarmu ta farko wata mata ta miƙa min ɗanta in riƙe mata."

Ozella ta yi raɗa da ƙyar. "Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa. Kina magana a lokacin."

Ran nan Marvelene ta yi magana har rana ta faɗi. Ta fara daga Turai, ta gangaro kan ɗakin injin wanki, ta wuce har wata rigar bikin Ista da Ozella ta ƙwace mata suna yara. Ba wanda ya katse ta. Ta ce ita ce rana mafi daɗi a duk yawon da suka yi.

Muryar ta dawo a jirgin komawa gida, a kan wata ma'aikaciya da ta manta da shayinta. Da suka dawo, Ozella ba ta sa hannu a takardar sayar da gidan ba. Da saurayin mai fenti ya zo, ta gaya masa daga baranda, unguwa ta ji. A shagon Lurline ba ta ba kowa haƙuri ba. Ta dai ce wa Tanesha tsayuwarta ba laifi.

"To Mis Ozella, Toledo ta fi ke nan?"

"Ban ce ba. Amma nan fuska ɗaya suke da ita, kuma na san inda take kwana."

Ba ta daina tafiya ba sai da gwiwoyi suka hana ta, ba ta kuma rage murya ba har ta rasu. Marvelene tana nan a sama, ta ce gidan ya yi shiru da yawa, ko da yake ba ta faɗa da alamar ƙorafi ba. A shekarun ƙarshe na rayuwar Ozella, duk mai shirin tafiya sai ya biyo barandar ya tambayi Mis Ozella wace ƙasa ce ke son mu. Ita kuwa ta sha gwada shiga shago baki a rufe, ba ta taɓa kaiwa tsakiyar ɗaki ba tare da muryar ta kuɓuce mata ba, don haka ta ɗora aikin a kan wasu.

"Je ki duk inda kuɗinki ya kai ki," takan ce. "Abu ɗaya nake roƙo. Shagon farko da za ki shiga, ki bar fasfo a cikin riga, ki rufe bakinki, ki tsaya su gama kallon ki tukuna, sannan ki yi gaisuwa. In kin dawo ki zo ki gaya min abin da kika gani kafin gaisuwar. Kuma ki ɗaga murya, ba na jin raɗa."