Shari'ar Shazumamu

A Daudawa, in an ci tuwo, Iya ba ta barin garwashin murhu ya mutu a banza. Kakarmu ce ta wajen uba, kuma rowar tatsuniya gare ta. Sai mun ɓare mata gyaɗa cikin ƙwarya kafin ta buɗe baki. Ni da ƙanwata Hinde mun sha ɓara har yatsunmu su yi zafi.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Shazumamu, babbar tururuwar nan mai son zaƙi da ke gina gida cikin itace. Wai reshen gawo ya karye da sheƙar Kurciya, ƙwanta ya fashe. Da aka duba, cikin reshen duk rami ne, Shazumamu da 'ya'yanta cike. Tsuntsaye suka kai ta gaban Zaki, suka ce ita ta cinye itacen. Ta rantse ba ta taɓa haɗiyar itace ba. Abincinta darɓa ce, danƙon zaƙin nan da ke kan ganyen dawa, sai ɗan mataccen ƙwaro. Itacen da ta sassaƙa ma waje take zubar da garinsa, kowa na gani.

A nan Iya kan sirantar da murya: "Ranka shi daɗe, ni ba ni shiga itace mai lahiya. Ruwa ya riga ni. Kurciya ta ga garin itacen kullum, ta tsallake."

Mu dai dariyar muryar muke yi. Hinde ta taɓa tambaya wa ya ci shari'ar, Iya ta ce ƙwai dai ya riga ya fashe.

Yanzu ina Katsina da iyalina, kuma rabona da gida an jima. In an tambaye ni sai in ce hanya ba lafiya. Gaskiya ce, amma direbobi na bin ta, ni ma na sani.

Makon jiya Hinde ta kira ni. Ta ce garin itace na zubowa daga rufin ɗakin Iya, kan gadonta, da safe sai an kakkaɓe. Ina tsakiyar aiki, na ce su sayi fiya-fiya su fesa. Na ji Iya ta karɓi wayar.

"Wanga magani na wa ne, ɗan nan? Tururuwa mi ta yi maka?"

Kunya ta rufe ni. Itacen rufin nan ruɓewa ya yi, yoyon da aka faɗa mini tun daminar bara ne, na ce zan zo in gani. Ni ne babban jikanta namiji, babu wanda za a jira sai ni.

Na ce mata ina nan tafe. Ta sa mini albarka, ta ce kada in wahalar da kaina. Daga baya Hinde ta gaya mini Iya ta sa an ja gadonta bakin ƙofa, wai in rufin ya tashi ruftowa ta samu ta rarrafa waje. Jiya an yi hadarin ruwa a Faskari, ƙaramar hukumar da Daudawa take.