Gurbin Aljihu: Ta'aziyyar Malam Gaji Mahmud

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 8 ga watan Yuli na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Gaji Mahmud, malamin da ke koya wa ɗaliban kasuwanci lissafi a jami'a nan Diffa. Ya gama darasin safe, ya fito ya ce kansa na sara masa, ya zauna a kan benci a inuwar bishiyar bedi, bai sake miƙewa da ƙafafunsa ba. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. An kai shi makwancinsa bayan la'asar, rigar da aka cire masa kuwa da sauran farin alli a hannunta.

Ni Safiyatu, a da ɗalibarsa ce, daga baya na zama mai taya shi duba aikin ɗalibai. Na daɗe ina juya alƙalami kafin in rubuta wannan, domin gaskiya na gaji. Mu mutanen Diffa mun gaji da ta'aziyya. Tabarmar makoki a garin nan ba ta samun naɗewa, daga wannan ƙofa sai a ja ta zuwa waccan. Mun binne waɗanda bindiga ta ɗauke, mun binne waɗanda ruwa ya ci, har "Allah Ya ji ƙansa" ta zame mana kamar gaisuwar safe. Na zaci babu sauran wurin da mutuwa za ta taɓa a jikina in ji zafi. Ashe da saura, Malam.

Ba ka da kama da mutumin da zai tsorata ɗalibi, amma darasinka ya tsorata mu tun kafin mu gan ka. Yawancinmu mun zaɓi kasuwanci ne don mu guje wa lissafi, sai muka tarar da shi yana jiranmu a bakin ƙofa, ga ka a kan tsohon kekenka mai kukan neman mai. Cikinmu akwai waɗanda gudun hijira ya cinye musu shekarun karatu. Akwai ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Najeriya, sun yi makaranta da Ingilishi, ga shi ana zuba musu Faransanci. Ka lura da mu ba tare da ka nuna ka lura ba. Sai ka ce duk safiyar Lahadi kana dafa shayi a ƙofar gidanka, kuma ba ka son sha kai kaɗai. A wurin shayin nan ka koma da mu tun daga rabawa da ninkawa, da Hausa da Barbarci, kana zane a ƙasa da tsinke. Ba ka taɓa kiransa darasi ba, saboda kada wani ƙato mai gemu ya ji kunyar zuwa. Shayin naka dai, Allah Ya gafarta maka, bai taɓa yin daɗi ba. Uwargidanka Hajiya Kubra ta sha faɗa maka, ka ce ai ba don shi ake zuwa ba.

Akwai darasin da duk wanda ya ratsa ajinka ba ya mantawa. Ka ce mu ɗauka kowannenmu manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu. Ka ce bara tattasai ya yi tsada, mu rufe ido, wanda zai ƙara gona bana ya ɗaga hannu. Da muka buɗe ido, aji duka hannu a sama. Ka juya ga allo ka zana mana abin da zai biyo baya: kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, baɗi kowa ya guji tattasai, ya sake tsada, kowa ya sake rugawa. Layin ya yi ta zagaye a allo kamar saƙar gizo. Sannan ka ce to, yanzu mun gane, mu yi alkawari kowa zai rage. Muka yi, har da rantsuwa. Ka ce mu sake rufe ido, wanda ke tunanin tunda sauran sun rage shi bari ya ɗan ƙara a ɓoye, ya ɗaga hannu. Muka buɗe ido, aji ya ɓarke da dariya, don hannayen nan suna nan a sama, har da nawa. Ka bari muka gama dariya, ka ce: "Wannan shi ne aljihu. Duk abin da mutum ya ajiye a gaban jama'a, akwai ɗan abin da ya rage a aljihunsa. In za ku yi lissafin da ya shafi mutane, ku bar wa aljihu gurbinsa." A lokacin wasa ne a wurinmu.

Ƙauyenmu yana gabas da Diffa, ta wajen Geskeru, a bakin kogi. Mun bar shi da gudu a shekarun tashin hankali, muka yi zaman bukkokin tamfol a gefen kwalta, iyayenmu da suka saba ciyar da baƙi suna bin layin abincin agaji. Da aka samu ɗan sauƙi suka koma, suka share gonaki, suka tada injinan ban-ruwa. Shekarar farko masu noman ba su da yawa, tattasai ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ni na roƙe ka ka je ka yi musu magana, domin na ga saƙar gizon nan tana tahowa. Ka je. Manoman ƙauyukan da ke jere da namu suka taru, ka zana musu a ƙasa kamar yadda ka saba, ka roƙe su kowa ya rage tattasai, ya bar wa masara da shinkafa da albasa wuri. Suka gamsu, Bulama mai garinmu ya sa aka shafa fatiha.

Da kaka ta zo, kwarin nan duka ya yi ja wur. Kowa ya ƙara. Masu saye suka zo suna taɓa buhu da ƙafa suna wucewa. Kaya ya zauna a ɗaka har ya soma baƙi, ga shi babu hatsi a rumbu, tattasai kuwa ba a tuƙa tuwo da shi. Gidaje da dama suka sake ɗaure kaya suka koma gefen kwalta, har da ƙanwar mahaifiyata da ƴaƴanta. Bulama ya faɗa da bakinsa cewa in aka maimaita haka bana, ba zai iya riƙe kowa ba, garin zai watse, kuma wannan karon ba bindiga ce ta kore mu ba.

Na zo maka da fushi ina cewa mutanenmu sun ci amana. Ka cire tabarau ka murza idanunka, ka yi wata dariya ta gajiya. Ka ce ba maƙaryata ba ne, kowa ya zaci shi kaɗai ne mai wayo. Ka ce: "Ni na koya muku aljihu a aji, na je can na manta da shi, don na ga an shafa fatiha."

Daga nan ka fito da dabararka. A wajenmu kowane gida na da irin tattasansa na gado, a ƙulle cikin tsumma, a ɓoye. In lokacin reno ya yi, mutum yakan yafa irinsa a bayan gida, ya kewaye da zana, saboda tsoron baki da ido. Ba wanda ya san yawan dashen maƙwabcinsa sai ya gan shi a gona, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Ka ce to a kewaye wuri ɗaya a kan tudu, kowane gida da fangalinsa a jere, iri ba zai gauraya ba, amma kowa na ganin na kowa. Wanda zai dasa ya zo da rana tsaka ya ɗebi nasa. Ba ka nemi kowa ya sake rantsuwa ba, ka nemi a cire zana kawai.

Wanda ya tsaya maka a wuya shi ne kawuna, Ba Ajimi, dattijon da in bai motsa ba babu mai motsawa. A gabana ya ce maka: "Malam, ka yi ta runiyo ɗinka, taro bayan taro, mu muna ji. Amma irin ga kakana ya bar ma ubana. Ran da muka gudu ko tabarma ban ɗauka ba, shi na ɗauka. Yanzu ka ce in shimfiɗa shi fili kowa ya sa mishi ido? Wallahi a'a." Ba ka yi musu da shi ba. Ka tambaye shi yadda kakansa ke zaɓen ɗan tattasan da za a bari na iri, ka zauna kana saurare har shayi ya huce.

Haka ka yi ta zirga-zirga duk Asabar tun daga bazara, a bayan motar kaya, a sauke ku a wannan shinge a bincike ku, a sake sauke ku a na gaba. Ka rame. Hajiya Kubra ta ce in yi maka magana tunda ni na jawo ka, na yi, ka ce bari a yafa iri tukuna sai ka huta. An sa taron ƙarshe ranar Asabar ɗin makon da ka rasu, domin in watan nan ya wuce ba a yafa ba, dashe ya makara. Ranar da muka dawo daga rakiyarka, ban ɓoye maka ba, na cire rai da taron, na cire rai da garin. Na ce a raina kowa zai koma bayan zanarsa, baɗi war haka mu haɗu a gefen kwalta.

Ranar sadakar bakwai ina cikin gida wurin mata aka aiko wai kawuna na nemana a ƙofa. Na fito na tarar mota guda ta zo daga ƙauyukanmu. Sun gama addu'a, amma ba su tashi ba. Ba Ajimi ya jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin babbar rigarsa, ya kwance bakinta, ya ajiye a tsakiyar tabarma a buɗe. Tunda nake ban taɓa ganin irin gidanmu da idona ba sai ranar, ni da aka haifa a gidan. Sauran suka bi bayansa, wannan da tsumma, wancan da gwangwani, har tsakiyar tabarmar ta cika. Bulama ya ce sun yi taron ranar Asabar, har sun riga sun kewaye wurin a kan tudu, saura wanda zai auna wa kowane gida fangalinsa. Ya dube ni ya ce: "Ke ce ya koya mawa."

Ina kallon ƙulle-ƙullen nan, abin da ka koya mini yana aiki a kaina ko ban so ba: wannan na gaban jama'a ne, saura na aljihu. Har na soma tunanin yadda zan rage faɗin fangali don in bar masa gurbinsa.

Mutane sun fara neman takalmansu, Ba Ajimi bai tashi ba. Can sai ya sa hannu a aljihun gefen rigarsa, ya fito da wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwan zabuwa ba, ya ɗora a kan jakar.

"Wannan shi ne na aljihu," in ji shi. "Malam ya san da shi. Bai taɓa tambayata ba."

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar Talata, a gaban maza, ban ji kunyar kowa ba. Da na share ido na ga wasu dattawa biyu sun koma sun zauna, suna lalube a rigunansu.

Ban san abin da bana za ta haifar ba, Malam. Kogi na iya cika ya shafe gonakin, ƙauyukan da ba su zo ba za su shuka abin da suka ga dama, ni kuma har yanzu a gajiye nake. Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na hau motar kayan nan da igiyar awo, na auna fangali gida-gida, ban rage wa kowa ko taƙi ba. An yafa iri da rana, babu zana.

Ya Allah, ga bawanKa Gaji ɗan Mahmud ya zo gare Ka a gajiye, Ka hutar da shi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa da haske, Ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya sauƙaƙa mana abin da ya gagare mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubra, da ƴaƴansa Huzaifa da Basira, da ƴan'uwansa, da abokan aikinsa, da ɗaliban da ya bari a tsakiyar zango. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Duk gidan da ya kwana a ƙauyenmu bana bai koma gefen kwalta ba, Allah Ka kai ladan kabarin Malam. Amin.