Hajo da Dokar Takalmi

Duk wanda ya aurar da 'ya a unguwar Asata ta Enugu cikin shekaru goma sha biyun nan ya san Hajo mai tuwo. A Enugu aka haife ta, mahaifinta mahauci ne, kuma in tana Ibo ba ka ce Bahaushiya ce ba. Rumfarta na kan hanyar kasuwar Ogbete, amma ba tuwon ne ya yi mata suna ba.

Gidajenmu na haya ne, tsakar gidan ko shanya ba ta isa, balle taron biki. Hajo ce ta fara shiga cocin da ke bayan layinmu ta tambaya ko suna ba da hayar hol ɗinsu, wato ɗakin taronsu. Mata suka yi ta salati, wai Hajo ta shiga coci. Da aka ba ta, masu salatin ne sahun gaba wajen kama rana.

Cocin na da takardar dokoki ga baƙi. Ba giya, ba yanka a harabar, ba mai taɓa gicciyen da ke bango ko ya rufe shi, ba sallar jam'i a ciki, kuma a tashi kafin shida don masu koyon waƙa. Ko bikin wa za a yi, Hajo ce ke sa hannu, don ita kwamitin cocin ya sani. Wanda ya karya doka kuwa, bakinta ya ishe shi. Da idona na ga ta kora wani mahauci da ragonsa har bakin titi.

Bara aka samu matsala. An yi wani suna, mata suka jingine kujeru suka shimfiɗa tabarmi kamar yadda aka saba. Ba mai hawa tabarma da takalmi, sai takalma suka taru a ƙofa, sun fi ɗari biyu. Wani mai wucewa ya ɗauki hoto ya watsa a waya, wai an sayar da coci an mai da shi masallaci. Kafin Lahadi kwamiti ya dakatar da haya ga duk wanda ba ɗan cocin ba.

Saura mako uku walimar Mansura, 'yar Hajo tilo, har an raba kati da sunan hol ɗin. Abin ya ci mini rai. Matar da ta samo wa kowa wuri, ita ce za ta rasa.

Sau huɗu tana rufe rumfa ta je gaban kwamitin. A na huɗun sakatarensu, Mista Ugwu, ya ce, "Madam Hajo, mu mun san gaskiya, amma mutanenmu hoto suka gani. Za mu buɗe da sharaɗi. Kujeru su zauna inda suke, ba tabarma, kowa ya shiga da takalminsa. Aka ga ko silifa ɗaya a ƙofa, an rufe ke nan har abada."

Ta sa hannu.

Ranar walima Hajo ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙofa da sabon leshinta, duk wadda ta sunkuya sai ta ce, "Abeg, Hajiya, mayar da shi." Aka yi ta dariya ana shiga.

Wajen ƙarfe uku Keke Napep ya sauke mahaifiyarta, Inna Baiwa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu. Ta zo bakin ƙofa ta dafa bango za ta tuɓe.

"Inna, da shi za ki shiga. Doka ce."

Tsohuwar ta leƙa ciki. "Ba nan suke ibada ba?"

"Wani lokacin, in cocin ya cika."

"To ni ban taɓa taka ɗakin ibadar kowa da takalmi ba, ba kuma yau zan fara ba."

"To tuɓe ki sa a jakata, Inna, ba mai gani."

"In shiga ƙafa ba takalmi, a ɗauke ni hoto, a rufe wa mutane wuri saboda ni? Ke kika sa hannu, Hajo. Samo mini benci."

Ban taɓa ganin an ƙure Hajo ba sai ranar. Tausayinta ya kama ni. Ita da kanta ta ɗauko benci ta ajiye gindin mangwaron harabar.

A nan Inna Baiwa ta yi walimar jikarta. Ta taga ta hango ana shigo da amarya, ana guɗa. Hajo ta kai mata abinci, ta ɗan tsaya a kanta, sannan ta koma bakin ƙofa, don wasu baƙi sun iso daga unguwar Ogui har sun fara sunkuyawa.