Baba Kyari da Kujerar Nana Aisha

Rumfar Baba Kyari mai walda tana wajen Ƙofar Ɗan Agundi tun kafin a haife ni. Babarbare ne. Kakansa ya shigo Kano da allo da tawada, shi kuma ya ƙare a wuta da ƙarfe. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Sauran biyun tankin wata tifa ne da ya fashe ya tafi da su, a ranar da ya tafi da wansa Hamza gaba ɗaya. Ba ya ba da wannan labari. Amma duk motar da ta tsaya a rumfarsa, kafin ya taɓa ta sai ya zagaya ta yana shinshina kamar mai neman inda ɓera ya mutu.

Ni ne Gambo, ɗan acaɓa, dillalin mota idan ta kama. Mu Fulanin Shahuci ne, saboda haka tsakanina da shi ba a rasa tsiya. In ce masa bawana, ya ce mini ɗan baiwarsa.

Shekara biyu da komawar soja bariki, lokacin da layin mai ke kai wa mutum kwana biyu, na samo wa yayana Hashim wata fijo mai dogon baya a hannun wani Ɗanjuma. Na san Ɗanjuma na yawan zuwa Maraɗi, kuma ban taɓa ganinsa da fasinja ba. Ban tambaya ba. Ni dai fenti na kalla.

Matarsa Sa'ida tana da yaya a Jidda, sai yayar ta aiko da kujerar mota ta yara, saboda 'yarsu Nana Aisha mai shekara biyu. Hajiyarmu ta ce mu da aka goya a cinya har Legas me ya same mu. Sa'ida kuwa ta taɓa ganin yaron maƙwabta ya fice daga cinyar uwarsa ya daki gilashi a hanyar Wudil, tun daga nan ba ta wasa da maganar.

Kujerar tana da wata igiya a baya mai ƙugiya. Na duba takardarta da bokona na aji uku, na gane hoton kawai: ƙugiyar tana son zoben ƙarfe a ƙasan but, motar Yaya kuwa ba ta da shi. Ran Asabar da safe za su tafi biki Daura. Na kawo igiyar da nake ɗaure rago a kan babur na tamke kujerar a kujerar baya. Sa'ida ta zaunar da yarinya, ta haɗa maɗaurin ƙirji, ya ce ƙas. Muka nufi wurin Baba Kyari ya sa mana zoben.

Mun same shi da tsumma a hanci. Mura ce ta kama shi.

"Bawana, yau hancin ya tafi yajin aiki?"

"Ubanka ne ya ba shi hutu. Me kuka kawo mini?"

Ya zagaya motar kamar kullum, yana jan hanci, ba abin da ya shiga. Ya ce a bar yarinyar a zaune, don shi ba ya awo da kujera babu mutum. Haka yake yi ko sirdin babur zai gyara, sai mai shi ya hau. Ya ja igiyar ta baya har ta miƙe, ya yanka kafet daidai inda ta tsaya, ya zana da alli. Ya lanƙwasa zoben da kansa daga wani guntun rodi.

"Baba, a hanzarta," in ji Yaya Hashim, yana duba agogo. "Ƙarfe biyu za a ɗaura auren."

Sa'ida tana tsaye a inuwa da tsohon ciki, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Abban Nana, warin fetur nake ji."

"Ke kwanan nan ko ruwan randa wari yake miki."

"Tun daga gida nake jin sa. Daga baya yake fitowa."

Baba Kyari bai ji ta ba. Ya buɗe gas, ya ƙyasta ashana, harshen wutar ya fito shuɗi yana huci. Ya sunkuya cikin but. Tsakanin bakin wutar da ƙeyar Nana Aisha bai fi kamu biyu ba. Tana ta wasa da takalminta tana waƙa.

Ƙarfen ya fara ja. Sai muka ji wani sauti daga ƙarƙashinsa, dum, kamar an zauna a kan garwa.

Baba Kyari ya kashe wutar. Ya ƙwanƙwasa wajen da guduma a hankali, sau ɗaya. Amsar da ta dawo ba ta ƙasan mota ba ce, ta abu ce mai rami a ciki. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta koma kamar toka.

"A wurin wa ka sayi motar nan?"

"Ɗanjuma."

"Ɗanjuma na Maraɗi? Mai tsallaka da mai?"

Gefen kafet ɗin ya fara hayaƙi.

"Ku fitar da yarinyar. Kada wanda ya yi ihu."

Sa'ida ta riga kowa. Ta kama maɗaurin ta ja, ya ƙi. Yaya ya ture ta ya ja, ya ƙi. A cikinmu babu wanda ya taɓa buɗe shi, mun dai iya rufewa. Nana Aisha ta ga idon uwarta, ta daina waƙa. Na kai hannu kan ƙullina, na tarar na yi shi irin wanda rago ba ya kwancewa. A lokacin ni ma na ji warin, mai nauyi, yana tasowa da zafi.

Baba Kyari ya tuttula ruwan butarsa a kan ƙarfen, ya yi cuu, tururi ya cika motar. Bai jira ba. Ya zaro wuƙar da yake yanka tiyo, ya shiga ta ƙofar baya, ya datse igiyata, ya zare bel ɗin motar, ya rungumi kujerar da yarinyar a ciki. Sai da ya tsallaka titi ya ajiye ta a gindin ganuwa.

Muka tsaya can muna kallon motar. Minti biyar, goma. Ba ta yi komai ba.

Da ta huce ya ɗaga kafet ɗin duka. Tanki ne na biyu, shimfiɗe daga taya zuwa taya, an rufe shi da faranti an yi fenti. Mai a cikinsa bai kai kofi uku ba.

"Da cike yake da sauƙi," in ji shi. "Wanda ba komai sai iska, shi ke kashe mutum."

Ya sa aka ɗura masa ruwa har ya tumbatsa. Bai sake kunna wuta ba. Ya nemi ƙarfen shasi a gefe, ya huda da dirilar hannu, ya ɗaure zoben da bol da noti, ya sa faranti mai kauri ta ƙasa. Sannan ya zura igiya a zoben, ya kafa ƙafa a bamba, ya ja da duk nauyinsa har motar ta girgiza.

Yaya Hashim ya daɗe yana kallon tankin. Na san irin kallon, na mutumin da ya gaji da layi ne.

"Baba, bar shi haka. In an zubar da ruwan ya bushe, zai yi mini amfani a tafiya."

"Ka ɗaure 'yarka a kan fetur?"

"Ai an gama walda."

Baba Kyari ya ɗauki kurfi, ƙarfen da yake huda da shi, ya ɗora a tsakiyar tankin, ya maka masa guduma. Ya matsa gaba ya sake. Sau huɗu. Ruwa ya dinga zuba ta ƙarƙashin motar yana bin ƙafafunmu, da bakan gizo a samansa.

"Motata ce fa!" in ji Yaya.

"Kai ƙara."

Sa'ida tana can tsallake a durƙushe gaban kujerar. Ta gano jan maɓallin da ake dannawa da ƙarfi, tana buɗewa tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa. Ta ce ba inda za ta sai ta iya shi ido a rufe. Ba su je Daura ba ran nan.