Tambayoyin da Aka Ce In Yi wa Inna

Ni 'yar fari ce, kuma Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Idan ina kusa "ke" take ce min, idan na ba da baya kuma na koma "waccan" ko "yarinyar nan", har na yi aure na haihu ban wuce yarinyar nan ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen ƙauyen Kano, wadda ta taho da ita Kaduna tare da kwallayen aurenta, ta sauke a gidanmu na Unguwar Kanawa, ta ci gaba da goge ta kamar yadda take goge su. Matan layinmu duk sun waye, kana jin su suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira da suna tun daga bakin titi. Ita ko a jikinta.

Ban ce ba ta ƙaunata ba, Allah ya gani. Idan zazzaɓi ya kayar da ni, kunun tsamiya zai iso bakin ƙofata a hannun ƙanwata Auta, ba tare da an ce ga wanda ya dama ba. Amma ni mutum ce mai son a gaya mata abu da baki. Na tashi da wannan kwaɗayin, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. So nake in ji, ko sau ɗaya, Inna ta buɗe baki ta faɗi wani abu game da ni, ina zaune ina saurare.

Wataƙila shi ya sa wasannin gwajin hali na intanet suka kama ni kamun kazar kuku. Lokacin na fara aiki a wani ofis a Unguwar Rimi, tebur ɗaya da wata ƙawata 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda Hausa ta fi zama a bakinta a kan nawa. Ita ta ja ni wani kafe a Unguwar Sarki, mai kwamfutoci masu ƙaton ƙeya da janaretan da ke tari kamar tsoho, ta buɗe min bulog, wato shafin rubutu nawa na kaina a intanet, ta nuna min wasan. Za a jero maka tambayoyi, kana son taro ko kaɗaici, idan aka ɓata maka rai kana magana ko kana haɗiyewa, ka yi ta zaɓa, a ƙarshe na'ura ta yanke maka hukunci. Na'urar ta ce min ni shuɗin launi ce. Ta ce ni mujiya ce a cikin tsuntsaye, wai alamar hikima, abin da ko a mafarki ba zan maimaita wa Bahaushe ba. Ta ce garin da ya dace da ni wani birni ne mai dusar ƙanƙara, ni da ko Jos na je sai na kwana da mura. Na san shirme ne, amma kullum sai na koma. Abin da na'urar ke yi min shi ne take cewa "ke mutum ce mai kaza da kaza", kuma ni wannan kalmar nake nema ko daga bakin wa ta fito.

Har a gaban na'urar ma ba kullum nake faɗin gaskiya ba. Idan aka tambayi abincin da na fi so, sai in zaɓi wani abu mai sunan Turawa. Gaskiyar ita ce ƙanzon shinkafa. Tun ina ƙarama nake lallaɓawa bayan ƙyauren madafi, inda ake jingine tukunya kafin a wanke, in kankare shi da cokali a tsaye, ina jin ni ce ƙarshen wayo tunda ba wanda ya taɓa kama ni.

Da waya mai intanet ta zo hannuna, wasan ya biyo ni gida. Bayan la'asar mukan zauna a tsakar gida, Inna tana tsinke zogale, Auta tana karanto tambayoyin ina mayar da su Hausa. Da farko Inna cewa ta yi zaman banza ne ya yi mana yawa. Ba a yi sati ba ta fara jefo amsa daga inda take. Ranar da na'ura ta ce Inna kyanwa ce, ajiye tiren ta yi.

"Allah ya kiyaye! Ni da ɓarauniyar nama? Auta, sake min, wannan abin bai san mutane ba."

Aka sake, aka sake samun kyanwa. Dariyar da Inna ta yi ranar har da share hawaye da gefen zani. Wani yammacin kuma nawa nake yi a bayyane, aka zo tambayar taro ko kaɗaici, na ce taro. Inna ba ta ɗago kai ba, zogalen ta gaya wa: "Ƙarya dai ba kyau." Iyakar abin da na taɓa samu daga gare ta ke nan a wancan zamanin, kuma na yi kwanaki ina juya shi a raina.

A bulog akwai wani wasan daban. Wani zai ƙirƙiro jerin tambayoyi ya amsa a shafinsa, sannan ya ambaci abokansa ya jefa musu, su ma su amsa su jefa wa na gaba. Ƙin amsawa kamar ƙin amsa sallama ne. Na amsa da yawa, abubuwan da ke cikin jakata, waƙar da na tashi da ita, tsoron da ban taɓa faɗa ba. Sai wata rana ƙawata ta jefo min wanda ya fi ƙarfina. Shi wannan ba kai za ka amsa ba. Mahaifiyarka za ka zaunar ka tambaye ta game da kai, ka rubuta abin da ta ce yadda ta faɗa, ba gyara.

Na karanta na ƙawata a ofis. Mamanta ta kira ta da suna a kowane layi, ta ce tana da taurin kai irin na babanta, ta ce ranar da aka haife ta ruwa aka kwana ana yi, ta ce ita ce sanyin idonta. Na yi dariya a inda ake dariya, na ce Mama ta iya magana, sannan na shiga banɗaki na daɗe.

A raina kuwa cewa na yi abin nema ya samu. Inna ta riga ta saba da wasan, kuma tambayoyin ba nawa ba ne, na waya ne. Na zaɓi ranar da take cikin nishaɗi, na zauna a kan turmi kusa da ita.

"Inna, yau wani sabo aka turo. Ke za a tambaya, amma a kaina."

Hannunta ya tsaya a cikin tiren.

"Wai me na fi so a abinci?"

"Ke, tashi ki ba ni wuri."

"Inna, wasa ne fa. Kowa ya tambayi mamansa."

"To kowa ya tambayi tasa. Rashin ta-ido dai ba wayewa ba ce." Ta juya min baya ta ci gaba da aikinta.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Amma Auta, da rashin hankalin auta, ta karɓi wayar ta ce to a yi a kanta. Inna kuwa ta saki baki. Auta ta fi son ɗanwake mai yaji, Auta tsoron kyankyaso take yi, Auta ta yi tafiya da wuri, sunanta yana ta fita daga bakin Inna kamar ana rabon goro. Na fizge wayata na shige ɗaki. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi da ita ba, na yi kwanaki daga gaisuwa ba na ƙara komai. Ita ma ba ta ƙara ba. Ƙawata ta yi ta rubuto min a ƙasan shafi, "Malama, muna jiran na Inna fa." Na kwafe tambayoyin na ajiye ba amsa, ban taɓa sakinsu ba. Da ta gaji ta daina tambaya.

Shekaru suka ja. Mutane suka watse daga bulog suka koma wasu dandalin sada zumunta, kafen Unguwar Sarki ya zama shagon ɗinki, ƙawata da iyayenta suka koma tsallaken kogi, can kudancin gari, zumuncinmu ya koma na waya da bikin suna. Ni ma na daina wasannin, 'ya'ya ba sa barin mutum ya tsaya tambayar wace tsuntsuwa ce shi.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna. Jikin ya ɗan dawo, amma tunanin ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Auta takan gane ta wani lokaci. Ni kuwa ta sake ni gaba ɗaya, ta ɗauke ni wata baƙuwa mai kirki da ke zuwa duba ta. Kullum na tashi daga aiki sai in hau keke napep zuwa Unguwar Kanawa, in yi sallama, ta amsa min da fara'ar da ban taɓa gani ba, ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, ya mutanen gidan?" Ta kalle ni ido cikin ido, abin da ba ta yi a da. Wannan fara'ar ta fi kowace tsawa yi min ciwo.

Wata ranar da yamma ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, sai na ji sunana. Cikakke, a muryarta, ba gargada, kamar ta saba faɗinsa kullum. Na ɗago a firgice. Ba ni take kira ba, tambayata take yi.

"Kin san ta kuwa? 'Yata ce ta fari. A Unguwar Rimi take aiki."

Na ce na san ta sama-sama. Ban shirya ba, ban kuma ɗauko waya ba, tambayoyin nan ashe suna nan zaune a kaina yadda na bar su.

"Inna, ita 'yar taki, me ta fi so a abinci?"

Ta yi 'yar dariya. "Ƙanzo. Kunyar a gani take ji. Shi ya sa nake barin shinkafar ta ɗan kama, in jingine mata tukunyar a bayan ƙyaure in hana a wanke. Ita a ganinta ba wanda ya sani."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shafa man, don kada ta ga fuskata.

"Me take tsoro?"

"A manta da ita a wuri. Ko biki muka je, idonta na kan mayafina."

"Me ke ɓata mata rai?"

Nan ta mayar da idonta kan bango. "A amsa wa wani a hana ta," ta ce. "Ta taɓa zuwa min da wasu tambayoyi a cikin waya. Na kore ta. Duk na san amsar, baiwar Allah, ba wadda ban sani ba. Tana tafiya ɗaki ina amsa su a raina. Ranar ko tuwo ban iya ci ba."

Hawayena ya ɗiga a ƙafarta, ta ce ko man ne ya shiga min ido. Na ce shi ne. Saura tambayar ƙarshe, wadda maman ƙawata ta amsa da sanyin ido.

"To Inna, da za ta shigo yanzu, me za ki gaya mata?"

Ta kalle ni da mamaki, har da riƙe haɓa. "Ke ba Bahaushiya ba ce? Ai ba a yi." Sai ta kamo hannuna da hannunta mai lafiyar, ta rage murya. "Don Allah idan kin gan ta kada ki ce mun yi wannan zancen. Amana na ba ki."

Na ce na ɗauka.

Ba ta sake kama sunan ba. Da damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa. Na samu abin da na yi rabin rayuwata ina nema, amma baƙuwa aka bai wa, kuma aka roƙe ta kada ta kai min. Har yau ban san yadda ake riƙe irin wannan amanar ba. Tambayoyin suna nan a tsohon shafina ba amsa, na buɗe su sau da yawa na rufe.

Ranar sadakar bakwai an dafa shinkafa tukunya-tukunya saboda masu ta'aziyya. Ƙawata ma ta tsallako kogi ta zo, ta zauna kusa da ni. Da mutane suka ragu na tashi kamar zan ɗebo ruwa, sai ga ni a bayan ƙyauren madafi da cokali a hannu. Matan layinmu masu zafin nama ne. Sun riga sun kankare tukwanen tas, sun wanke, sun kife su a rana.