Sunan da Barira Ba Ta Kira

A Dengfeng, wata unguwa a birnin Guangzhou na ƙasar Caina, idan Bahaushe ya rasu ko aka kama shi, mutum biyu ake nema: liman da Barira. Liman saboda wanda abin ya sama, Barira saboda waɗanda ya baro a ƙauye.

Sana'arta ta ainihi tuwo ce. Wata Hajiya ce ta zo da ita Guangzhou daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta don ta riƙa yi mata girki. Hajiya ta gama sarinta a kasuwar Baima ta koma, Barira ta zauna, don ta lura garin cike yake da mazan da za su iya cika kwantena amma ba za su iya kaɗa miyar kuka ba.

An ce a wasu ƙasashe akwai ofis na musamman da ake rarrashin iyalan talakawa, da kujera mai laushi da ma'aikaciya mai takardar shaida. Na Dengfeng wani lungu ne a shagon wayar wata 'yar Caina da kowa ke ce wa Lawban, wato shugaba, da kujerar roba mai karyayyiyar ƙafa. Duk abin da ka tambayi Lawban, kafin ta duba sai ta ce "meyo", babu ke nan. A nan Barira take zama ta kira gidajen mutane.

Ba ta jefa labari kamar dutse. Da farko takan tambaya, "Akwai wata babba kusa da ke?" Sai an zaunar da matar kusa da wata. Sannan ta ce, "Wane ba ya jin daɗi." Ta bari a sha ruwa. Sannan, "Jikin fa ya yi tsanani." Kafin ta kai ga "sai haƙuri", mai sauraro ya riga ya iso da ƙafarsa. Ƙauyukan da ba waya kuwa, akwai Munkaila, mai shagon caji a garin su Barira, wanda yake ɗaukar wayarsa a babur ya kai har ƙofar gida. Ya ji wannan karatu har ya haddace.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Caina aka share Guangzhou tas, aka dasa furanni, aka kuma tsaurara biza. Ta Barira ta ƙare, ta mutane da yawa ma haka. Illa, wani ɗan Maraɗi mai ɗaure kaya, ya kwanta da zazzaɓi ya ƙi zuwa asibiti don kada a tambaye shi fasfo. Ba a tambaye shi ba kuwa har ya cika. Barira ta kira matarsa, ta kuma ci gaba da kiranta har ta fita takaba: kada ki sayar da akuyar, ki ci abinci ko ba daɗi, yaran su koma makaranta.

"Ke Yaya Barira ba ki da zuciya ne?" in ji wani mai cin tuwonta. "Ko ƙwalla ba kya yi."

"In na yi kuka wa zai tuƙa maka? Ci ka ba ni kwanona."

'Ya ɗaya gare ta a duniya, Mas'uda. 'Yar fari ce, don haka Barira ba ta taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. "Yarinyar nan" take cewa, in ta kama dole. In ta kira gida sai ta tambayi damina, ta tambayi ƙanwarta Yalwa, ta tambayi har jakin maƙwabta, Munkaila kuma ya san aikinsa, sai ya saƙa a tsakiya: "Mutanen gidan su Mas'uda ma lafiya lau." Ta ce "To," kamar an gaya mata farashin gishiri.

A daminar nan Mas'uda na da cikin fari. Bisa al'ada gaban uwarta za ta dawo ta haihu. Amma uwar da bizarta ta mutu ba ta fita Caina sai ta bi ta ɗakin tsare mutane, ba wanda ya san tsawon zaman. Barira ta ce bari wasannin su wuce, ƙila a sassauta. Mas'uda ta tafi wurin Yalwa. Kayan jarirai kuwa Barira ta saya a kasuwar Liwan, ta ce wa mai shagon da duk wanda ya gani na wata maƙwabciya ne.

Wata ranar Talata da la'asar Munkaila ya yi mata fulashin. Ta sauke tukunya ta sauko shagon Lawban. Talabijin na nuna wata yarinya ana rataya mata lambar zinariya, uwarta na ihu a cikin 'yan kallo ba ko kunya.

Suka gaisa. Sai Munkaila ya yi gyaran murya.

"Inna Barira, akwai wata babba kusa da ke?"

Ta dubi shagon. Lawban ce kaɗai, tana cin taliya da tsinke.

"Yaya ruwa wajenku?" in ji Barira.

"Ruwa alhamdu lillahi. Inna, dama Mas'uda ce ba ta jin..."

"Gero ya yi kai?"

"Ya yi."

"Rufin ɗakin Yalwa fa, an gyara?"

Ta san matakalar nan, ita ta gina ta. Ta san muddin bai taka ta ƙarshe ba, yarinyar nan tana nan kwance a ɗakin Yalwa, ba ta jin daɗi kawai. Don haka ta tambayi liman, ta tambayi rijiya, ta tambayi tayar babur ɗinsa. Munkaila yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, don malamarsa ba ta koya masa abin da ake yi ba idan mai sauraro ya ƙi tahowa. Ta tambayi jakin maƙwabta. Daga nan garin ya ƙare, ba sauran abin tambaya.

"Inna," ya ce, "jikin fa ya yi tsanani."

"Ai ka yi sauri da yawa, Munkaila. Ba ka bari na sha ruwa ba."

Ya ba ta lokacin. Sannan ya faɗi sauran: sai haƙuri. Jaririyar tana raye, Yalwa ta karɓe ta.

Barira ta ajiye kan wayar a hankali, ta gyara zaman kujerar don kada ta kayar da na bayanta. Sai bakinta ya buɗe da kansa, ta faɗi abin da ta riƙe tun ranar suna.

"Mas'uda."

Lawban ta ɗago kai daga kwanonta. Ta ɗauka wani kaya ake tambaya.

"Meyo," ta ce.